Babi na Huɗu: Littafi Mai Tsarki a Hannun Mai Shi

Littafi Mai Tsarki, wanda Kiristoci da yawa ke kira Baibul, tarin littattafai ne da aka rubuta cikin ɗaruruwan shekaru da harsuna uku: Ibrananci, Aramiyanci da Helenanci. Ya kasu kashi biyu, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. A wurin ikkilisiyoyin Furotesta littattafan 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. Katolika suna ƙidaya 73, domin sun riƙe wasu littattafai bakwai na Tsohon Alkawari da Furotesta ba su sa a jerin hurarru ba. Ikkilisiyar Orthodox ta Habasha kuwa 81 take ƙidayawa. Kan littattafai 27 na Sabon Alkawari babu jayayya tsakanin Katolika da Furotesta.

Tambayoyi uku ne ke tasowa idan ana maganar wannan littafi a rayuwar mutum ɗaya: ko ya mallake shi, ko yana karanta shi, da kuma irin ikon da yake ba shi a kan imaninsa da halinsa. Sau da yawa akan ɗauka cewa amsar ɗaya ta wadatar da sauran biyun. Tarihi da alƙaluma sun nuna ba haka abin yake ba.

Yadda littafin ya shiga gidaje

Fiye da shekara dubu Kiristoci suka yi ba tare da talaka ya yi mafarkin mallakar Littafi Mai Tsarki ba. Da hannu ake kwafarsa a kan fata, kuma cikakken kwafi ɗaya kan ci fatun dabbobi ɗaruruwa da aikin magatakarda na shekara ko fiye. A yammacin Turai fassarar Latin da Jerom ya kammala wajen shekarar 405 ita ce ta yi mulki, har bayan jama'a sun daina jin Latin. Littafin na majami'a ne da gidajen sufaye. Mutanen gari ta kunne da ido suke samunsa, daga karatun liman da wa'azi da zane-zanen bango. Hatta surori da ayoyin da mai karatu ke dogara da su yau daga baya aka shigo da su. Ana danganta rabon surori ga Stephen Langton a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma mai ɗab'i Robert Estienne ne ya fito da su a 1551.

Injin ɗab'i ya sauya lissafin. Wajen 1455 Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki na Latin a birnin Mainz, kwafi kusan 180. Martin Luther ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci a 1522, cikakken littafin a 1534. William Tyndale ya buga Sabon Alkawari da Turanci a 1526, aka riƙa shigar da shi Ingila a ɓoye cikin kayan fatake, shi kansa kuma aka kashe shi a 1536 kusa da Brussels bisa tuhumar bidi'a. Ba a cika shekara ɗari ba, a 1611, fassarar da Sarki James ya ba da umarnin yi ta fito da goyon bayan fadar Ingila.

Duk da haka tsada ba ta saki talaka ba sai a ƙarni na 19. Labarin Mary Jones, yarinyar ƙasar Wales da ta tara kuɗi shekaru shida sannan a 1800 ta taka kusan kilomita 40 don sayen kwafi da harshenta, yana cikin abubuwan da suka zaburar da kafa ƙungiyar British and Foreign Bible Society a 1804. Manufar ƙungiyar ita ce buga littafin da yawa, a sayar da araha, ba tare da sharhin wata ɗarika a gefen shafi ba. Daga nan ne Littafi Mai Tsarki ya zama kayan gida. A 1908 ƙungiyar Gideons ta Amurka ta ƙara wani mataki, ta fara ajiye shi kyauta a ɗakunan otal, daga baya har asibitoci da makarantu da gidajen yari.

Fassarar Hausa da waɗanda suka rungume ta

Hausa ta shiga wannan tarihi da wuri. James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da mishan ɗin CMS, ya fara koyon harshen tun tafiyar Kogin Kwara ta 1841, wadda ya yi tare da Samuel Ajayi Crowther. Daga baya ya samu Dorugu, yaron Bahaushe da aka 'yanta daga bauta wanda matafiyi Heinrich Barth ya kai Turai, ya zauna da shi a Ingila yana ɗaukar Hausa daga bakinsa. Bisharar Matiyu ta fito a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880. Fassarar tana ɗauke da tabon nisa, domin an yi ta ne a wata duniya da ba a jin Hausa a kasuwa. Cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito ba sai 1932, kuma Dokta Walter Miller, likitan CMS da ya zauna a birnin Zariya tun 1905 kafin mishan ɗin ya koma Wusasa, shi ne ginshiƙin aikin, tare da masu taimako Hausawa da 'yan wasu mishan.

Abin da ya biyo baya bai zo yadda masu fassarar suka tsara ba. Hausawan birane suka nufa, amma gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, kuma su kansu mutanen biranen suna da addininsu da malamansu da littattafansu. Waɗanda suka karɓi littafin hannu biyu-biyu su ne al'ummomin Filato, kudancin Zazzau, kudancin Bauci da Gombe, Adamawa da Binuwai ta sama: Birom, Angas, Bajju, Tangale, Bachama, Bura da wasunsu da yawa. Mishan ɗin SIM da SUM sun ga cewa harsunan yankin sun fi ƙarfin a fassara wa kowanne nan take, sai suka mai da Hausa harshen makarantar Baibul da na sujada. Haka ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan a yankin, irin su ECWA da COCIN da EYN da LCCN, suka tashi da Littafi Mai Tsarki na Hausa a kan bagade, ko da yake ga yawancin membobinsu Hausa harshe na biyu ne. Ƙauyukan Maguzawan Kano da Katsina da suka shiga Kiristanci, da ƙananan ikkilisiyoyin yankin Maraɗi da Galmi a Nijar, su ne suka karanta shi da harshen uwa.

A waɗannan wurare mallakar littafin ta zo tare da koyon boko. Ajin baftisma sau da yawa ajin karatu ne, kuma mutane da yawa, musamman mata da manoman da ba su taɓa shiga makarantar gwamnati ba, a kan shafin Bisharar Markus ko Yohanna suka fara haɗa baƙi. Mutumin da ya sayar da gyaɗa ko kaji ya sayi kwafinsa ya san darajar abin da ya riƙe. Har yau ana ba da shi kyauta ranar baftisma da ranar aure, ana rubuta ranakun haihuwar 'ya'ya a shafin farko, kuma da wuya a ga mace ta tafi taron zumuntar mata ba ta riƙe shi tare da littafin waƙoƙi ba. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1966, ta fitar da sabuwar fassara wajen 1980 da Hausa mai sauƙi, wasu fassarorin kuma sun biyo baya. Akwai dattawan da ba su saki tsohuwar ba, saboda da lafazinta suka haddace ayoyinsu tun suna yara.

Karatu

Ƙasar da aka fi auna wannan al'amari da alƙaluma ita ce Amurka, kuma abin da aka samu a can abin lura ne. Binciken shekara-shekara da Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Amurka ta ɗauki nauyi a shekarun 2010 ya riƙa nuna cewa kusan gida tara cikin goma na da kwafi aƙalla ɗaya, kuma gidajen da ke da shi galibi suna da fiye da ɗaya. Amma wani binciken da cibiyar LifeWay ta fitar a 2017 ya gano cewa kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ya taɓa karanta littafin daga farko zuwa ƙarshe. Inda littafin ya fi araha da yawa, a nan ne kuma ya fi zama a kan kanta ba a buɗe ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Littafin na da tsawo: surori 1,189 a jerin Furotesta, wanda ke nufin sura uku zuwa huɗu kowace rana idan ana son a gama cikin shekara. Mai niyyar sauke shi kan ji daɗin Farawa da rabin Fitowa, domin labarai ne, sai ya faɗa cikin dokokin hadaya da tsarki na Littafin Firistoci da ƙidayar kabilu, a nan da yawa ke ajiyewa. Littattafan annabawa suna magana kan sarakuna da yaƙe-yaƙen da mai karatu bai sani ba sai da jagora. Saboda haka yawancin masu karatu suna da ɗan ƙaramin littafinsu a cikin babban: Zabura lokacin damuwa, Karin Magana don tarbiyya, Bisharu huɗu, da wasu wasiƙun Bulus. Wannan zaɓe yana da tasiri a kan imanin mutum fiye da yadda shi kansa yake zato, domin abin da bai taɓa karantawa ba ba zai taɓa ƙalubalantarsa ba.

Sai dai auna karatu da tambayar ko mutum ya zauna shi kaɗai ya buɗe littafi ma'auni ne na al'ummar da kowa ya yi makaranta. A yawancin tarihin Kiristanci, da kuma a ƙauyuka da yawa na arewacin Nijeriya yau, sauraro shi ne karatu. Tsohuwar da ba ta iya baƙi ba tana iya ba da labarin Yusufu da 'yan'uwansa dalla-dalla, ta kawo Zabura da ka, domin ta ji su shekara da shekaru a sujada, a addu'ar asuba, a waƙoƙin zumuntar mata, da kuma daga bakin jikanta a addu'ar iyali da dare. Yara suna gasar haddar aya a makarantar Lahadi. Ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda ta samo asali a Gindiri a 1957, ta shigar da ɗabi'ar karatun safe cikin makarantun sakandare na Arewa. A cocin Katolika, tsarin karatun Lahadi da aka shimfiɗa bayan Majalisar Vatican ta Biyu yana zagayawa cikin shekara uku, don haka mai zuwa Mas a kai a kai yana jin babban kaso na Bisharu ko bai taɓa buɗe littafin a gida ba. Duk ƙididdigar da ta bar irin waɗannan mutane a layin marasa karatu ta yi musu rashin adalci.

Akwai kuma amfani da littafin da bai shafi karatu ba sam. Ana ɗora hannu a kansa a yi rantsuwa a kotu da ranar kama aikin gwamnati. Wasu na sa shi ƙarƙashin matashi saboda mugun mafarki, ko su ajiye shi a gaban mota don tsari daga haɗari. Fastoci da yawa na tsawata wa wannan, suna cewa an mai da maganar Allah laya, amma ɗabi'ar ba ta gushe ba.

Wayar hannu ta sake kwance alaƙar mallaka da karatu. Manhajar YouVersion da ta fito a 2008 tana ɗauke da fassarori cikin harsuna masu yawa, har da Hausa, kyauta, wasu kuma da murya ga wanda bai iya karatu ba. Matashi na iya rasa kwafin takarda alhali yana da fassara goma a aljihu. Amfanin a fili yake. Abin da ke damun malaman ikkilisiya shi ne aya ɗaya da ake turowa kowace safiya, a yanke daga abin da ke gabanta da bayanta, tana koya wa mutum ɗaukar littafin kamar tarin zantuka masu sanyaya rai, ba dogon labari mai farko da ƙarshe ba.

Ikon littafin

Tun 1976 cibiyar Gallup ke yi wa Amurkawa tambaya ɗaya mai amsoshi uku. A 2022, kashi 20 cikin ɗari sun ce Littafi Mai Tsarki maganar Allah ce da za a ɗauka kalma da kalma yadda take. Kashi 49 sun ce hurarre ne daga Allah amma ba kome ne za a ɗauka a zahirinsa ba. Kashi 29 sun ce tsohon littafi ne na tatsuniyoyi da tarihi da koyarwar ɗabi'a da mutane suka rubuta. Rukunin farko ya taɓa kai kashi 40 a farkon shekarun 1980. A Afirka kudu da Sahara hoton daban ne: binciken cibiyar Pew na 2010 ya samu cewa mafi yawan Kiristocin ƙasashen da aka tambaya suna tare da amsar farko.

Tambayar tana da amfani wajen ganin inda ra'ayi ya karkata, amma ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Ɗaukar kome a zahiri daban, ba littafin cikakken iko daban. Malamin da ya fi kowa tsayawa a kan ikon Littafi Mai Tsarki ya san Zabura waƙa ce, misalan Yesu misalai ne, Wahayi kuma cike yake da alamu. Irin wannan mutum bai da gurbin da ya dace da shi sosai a cikin amsoshin uku.

A koyarwar ikkilisiyoyi, kusan duk Kiristoci sun yarda littafin hurarre ne, wato Ruhu Mai Tsarki ya bi da marubutansa ba tare da ya shafe harshensu da salonsu ba; akan kafa hujja da wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura 3. Saɓanin yana kan wanda ke da hurumin fassara shi. Masu gyaran ƙarni na 16 sun tsaya kan cewa Littafi kaɗai ne alƙali na ƙarshe, kuma Paparoma da majalisun ikkilisiya duk a ƙarƙashinsa suke. Katolika, tun Majalisar Trent a 1546, sun ce Littafi da Al'adar manzanni tare suke tafiya, kuma ikkilisiya ce ke da amanar bayyana ma'anarsu. Majalisar Vatican ta Biyu ta sake jaddada wannan a 1965, tare da kira mai ƙarfi cewa a buɗe wa kowane mai bi ƙofar karanta littafin da harshensa. Orthodox suna karanta shi cikin sujada da bayanin iyayen ikkilisiya na farko.

A cikin Furotesta ɗin ma an rabu. A ƙarni na 19 masana a jami'o'in Jamus suka fara nazarin littafin kamar kowane tsohon rubutu, suna tambayar wa ya rubuta, yaushe, daga waɗanne majiyoyi. Wasu ikkilisiyoyi sun karɓi sakamakon, suka ce littafin shaida ce ta gaskiya game da Allah amma tana ɗauke da iyakar sanin zamanin marubutanta. Wasu suka ƙi, kuma matsayinsu ya fito a rubuce a sanarwar Chicago ta 1978, wadda ta ce rubutun asali ba shi da kuskure a duk abin da ya tabbatar, har tarihi. Yawancin ikkilisiyoyin bishara na arewacin Nijeriya sun gaji wannan ra'ayi na biyu daga mishan ɗin da suka kafa su. Ikkilisiyoyin Fentikostal sun ƙara nasu nauyin: alkawuran warkarwa da buɗi da ke cikin littafin na yau ne, kuma mai bi na iya riƙe aya ya nemi cikarta a rayuwarsa.

Ga mai karatu da ya tashi cikin Musulmi, akwai bambanci ɗaya da ke kawar da ruɗani da yawa. Musulmi sun yi imani cewa Alƙur'ani saukakke ne da lafazinsa na Larabci, tarjama kuwa bayanin ma'ana ce kawai. Kiristoci ba su ɗauki littafinsu haka ba: fassarar Hausa ko ta Turanci ita ma Littafi Mai Tsarki ce a wurinsu, da ita ake sujada, kuma sake fassara ba sake littafi ba ne a ganinsu. Masanin nan ɗan Gambiya, Lamin Sanneh, ya gina babban nazarinsa na 1989 a kan wannan batu. Musulmi sun yarda da saukar Attaura da Zabura da Linjila, amma mafi yawan malamansu na ganin abin da ke hannun Kiristoci yau bai tsira daga canji ba. Kiristoci kuma suna amsawa da tsofaffin rubuce-rubucen hannu da suka riga zuwan Musulunci. Maƙwabta da yawa sun zauna lafiya shekaru suna sane da wannan saɓani.

Inda ra'ayin mutum game da ikon littafin ke bayyana sosai shi ne lokacin da aya ta ci karo da al'ada ko buƙata. A Amurka kafin yaƙin basasa, masu kare bauta da masu yaƙi da ita duk da Littafi Mai Tsarki suka kafa hujja, kuma a kan wannan rikici ne Baftis na kudu suka ɓalle a 1845. A Afirka auren mace fiye da ɗaya ya daɗe yana gwada ikkilisiya. Masu karatun farko sun ga Ibrahim da Yakubu da Dawuda da matansu a Tsohon Alkawari, suka tambayi 'yan mishan dalilin hana su baftisma. Taron bishop-bishop na Anglika a Lambeth ya hana yi wa mai mata da yawa baftisma a 1888, sannan a 1988 ya yarda a karɓe shi da iyalinsa bisa sharaɗin kada ya ƙara aure. Ayoyin ba su canza ba cikin shekara ɗarin. Masu karatun ne suka ƙaru, da bishop-bishop 'yan Afirka a cikinsu. Rabuwar cocin Anglika da ta kai ga taron GAFCON a Urushalima a 2008, wanda Akbishop Peter Akinola na Nijeriya ke cikin jagororinsa, ita ma a bakin masu ita rikici ne kan ikon Littafi, ko da yake batun auren jinsi ne ya tayar da ita. Haka muhawarar zakka ta kashi ɗaya cikin goma, da naɗa mata fastoci, da saki: kowane ɓangare da ayarsa yake zuwa.

A arewa maso gabashin Nijeriya gwajin ya fi waɗannan tsanani. Ikkilisiyar EYN, wadda ta samo asali daga mishan ɗin 'Yan'uwa da ya sauka a Garkida a 1923, ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami, wadda aka gina a kan Huɗubar Yesu a kan dutse. Rikicin Boko Haram ya faɗa mata fiye da kowace ikkilisiya: an ƙone majami'unta da yawa, mafi yawan 'yan matan da aka sace a Chibok a 2014 'ya'yan membobinta ne, kuma a shekarar ce aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi. Shugabanninta sun ci gaba da koyar da cewa ramuwa ba ta halatta ga mai bin Yesu ba, suka kuma shiga aikin sulhu da agaji tare da Musulmin da rikicin ya shafa. A wasu ikkilisiyoyin Arewa kuwa an samu fastoci da matasa da ke cewa kare kai da iyali wajibi ne, suna kafa hujja da Nehemiya, wanda ya sa masu ginin garun Urushalima su riƙe makami suna aiki. Ɓangarorin biyu duk suna cikin waɗanda za su amsa wa mai bincike cewa littafin maganar Allah ce marar kuskure, kuma muhawarar tasu tana ci gaba a makarantun tauhidi da tarukan majalisun ikkilisiya.